Juriyar ma'aikatan jinya: a jikin mutum take, ko shugaba da yanayin aiki ke gina ta?

Rakiya A.

Assalamu alaikum, manyanmu da abokan aiki. Akwai abin da nake so waɗanda suka ƙware a tafiyar da sashen jinya su warware mini. Sau da yawa za a ga sassa biyu a asibiti ɗaya, albashi ɗaya, mataki ɗaya, majinyatan ma kusan iri ɗaya, amma a sashe na farko nas-nas sai su shekara biyar babu wadda ta nemi a sauya mata wuri, a na biyun kuwa ba a wata shida sai an kawo sababbi, takardun hutun rashin lafiya kuma ba sa yankewa. Idan hukumar asibiti ta tashi gyara, abin da ta fi yi shi ne ta shirya bita ta kwana ɗaya ko biyu a kan juriya: yadda ake jan numfashi, yadda ake kwantar da hankali, yadda ake ajiye damuwar aiki a bakin ƙofa kafin a tafi gida.

To shin juriyar nan a jikin mutum take, har bita ta iya ƙara ta? Ko kuwa shugabar sashe da tsarin aiki ne ke gina ta ko rusa ta? Kuma shugabar da ba ta da ikon ɗaukar ma'aikaci ko ƙara wa kowa albashi, me ya rage a hannunta? Bayani nake so mai kama hannu, irin wanda za a iya rubutawa a kai gaban hukuma.

Malam Sani

Wa alaikumus salam, Malama Rakiya. Kafin a kai ga salon shugabanci, a fara ƙirga kawuna, domin sau da yawa sassan nan biyu da ake cewa iri ɗaya ne, a takarda kaɗai suke iri ɗaya.

A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta sun fitar da bincike a kan asibitoci 168 na jihar Pennsylvania a Amurka. Sun gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100, yiwuwar sarewar nas ɗin yana ƙaruwa da kashi 23, rashin gamsuwarta da aikin kuma da kashi 15. A 2014 an duba asibitoci 300 a ƙasashe tara na Turai, kashi 7 ɗin nan na mutuwa ya sake fitowa. Wasu wurare sun ƙayyade yawan majinyatan da nas ɗaya za ta riƙe a doka. Kalifoniya ta kafa tata a 1999, ta fara aiki a 2004, yau nas ɗaya majinyata biyar a ɗakin kwanciya na gama-gari, biyu a ɗakin kulawa ta musamman. Jihar Queensland ta Ostireliya ta sa huɗu safe da yamma, bakwai da dare, tun 2016. Ba kowace ƙasa ce za ta iya wannan adadi ba, amma alkiblar ɗaya ce ko'ina.

Ga lissafin da ya kamata kowace shugabar sashe ta iya yi da biro. A ce ɗaki mai gado 30, ana son nas biyar da safe, biyar da yamma, huɗu da dare, kowane duti awa takwas. Duti 14 ke nan a rana, awa 112, a mako awa 784. A raba da awa 40 da mutum ɗaya ke yi, ya ba da 19.6. Nan ne hukuma ke tsayawa ta ce ai sunaye ashirin na kan jadawali, me ake nema kuma? Amma mutum ba ya aiki mako 52 a shekara. Akwai hutun shekara, hutun haihuwa, rashin lafiya, zuwa karatu da bita. Shi ya sa ake ɗora kashi 22 zuwa 25 a kai, adadin ya koma 24 ko 25, ban da ita shugabar, ban da mintunan miƙa aiki da duti biyu ke haɗuwa. Giɓin mutum huɗu ko biyar ɗin nan ba ya ɓacewa don an ƙi lissafa shi. Da jikin waɗanda ke nan ake cike shi: duti biyu a jere, ranar hutu da aka soke, kira da sassafe a ce wance ba ta zo ba.

Sannan majinyata shida ba kullum shida ba ne. Wanda ya fito daga tiyata ana auna shi duk minti 15 a sa'ar farko, wanda aka sa wa jini dole a tsaya a kansa mintuna 15 na farko, tsoho da ya ruɗe yana cire kanula, robar ƙarin ruwan da ke jijiyarsa, yana neman sauka daga gado, waɗannan uku sun fi goma masu jiran sallama cin lokaci. Ƙirgar gadajen da ake yi tsakar dare kuma ba ta nuna cewa gado ɗaya ya karɓi mutum biyu a yini, an sallami ɗaya an kwantar da wani, kowanne da takardunsa.

Ta ina wannan ke taɓa juriya? Ta aikin da ake bari. A wani bincike a Ingila da aka buga a 2014, kashi 86 cikin 100 na nas-nas sun ce a dutinsu na ƙarshe akwai aƙalla abu ɗaya na kulawa da suka bari saboda ƙarancin lokaci, kuma abin da aka fi bari, kashi 66, shi ne zama a yi magana da majinyaci a kwantar masa da hankali. Allura da ƙarin ruwa ana yi, domin ana sa hannu a kansu. Juya marar lafiya duk awa biyu, wanke masa baki, yi wa mai ciwon suga bayanin allurarsa kafin sallama, su ake yarwa. Nas ta san ya kamata, ta san ba ta yi ba, bayan kwana uku ta ga gyambon kwanciya ya buɗe a ƙugun tsohuwar nan. Andrew Jameton ya bayyana wannan ciwon tun 1984: mutum ya san daidai amma tsarin wurin ya hana shi aikatawa. A ganina wannan ya fi ciwon baya da kumburin ƙafa kashe gwiwa, kuma jan numfashi ba ya taɓa shi.

Hajiya Maryam

Malam Sani, lissafinka babu gyara. Sai dai 'yata Rakiya ta tambayi abin da ya rage a hannun shugaba, kuma ko an daidaita adadi tsaf, sassa biyu suna iya bambanta nesa ba kusa ba.

Masana tun daga Bernard Bass a 1985 suna kasa shugabanci kashi uku. Akwai mai jan mutane a jiki, ta san ƙarfin kowa da burinsa, tana bayyana dalilin abin da ta ce a yi. Akwai mai tafiyar da aiki da lada da horo, ba a jin muryarta sai an yi kuskure. Akwai kuma mai sakin linzami, tana ofis ko tana taro, duk abin da aka kawo mata sai ta ce ku sasanta kanku. Bitar bincike da Greta Cummings ta jagoranta a 2010 ta nuna salon da ya dogara da dangantaka da ma'aikata yana tafiya da gamsuwa da zama a aiki, wanda ya tsaya a kan a gama aiki kawai kuma yana tafiya da akasin haka. Ni a wurina ta ukun ta fi ɓarna, ko da yake ita ce ba a kai ƙararta. Mai zafi aƙalla tana yanke hukunci. Inda shugaba ta janye, sai mai ƙarfin baki a cikin manyan nas-nas ta zama hukuma, ta zaɓi majinyata masu sauƙi, ta tura wa ƙanana gefen da ya fi nauyi, kuma babu wurin kai kuka.

Amma sunayen salo ba sa koya wa kowa komai. A wurare kaɗan ake gane shugaba, kuma babbansu shi ne ranar kuskure.

A ce nas ta ba majinyaci maganin ƙarfe biyu na rana sau biyu, saboda wadda ta fara bayarwa an kira ta gadon da ke amai ba ta sa hannu a katin magani ba. Ta gane, ta zo ta faɗa. Shugaba ɗaya za ta ɗaga murya a tsakiyar ɗaki, majinyata da 'yan jinya suna kallo, kafin la'asar takardar tuhuma ta fito. Darasin da sashen gaba ɗaya ya ɗauka a ranar shi ne kada a ƙara faɗa. Wata shugabar kuwa majinyaci za ta fara bi: a auna shi, a kira likita, a rubuta abin da aka ba shi da lokacin, a sa ido gwargwadon maganin. Sai ta ja nas ɗin ɗaki ta rufe ƙofa ta tambaya. Majinyata nawa ne a hannunki? Awa nawa kike tsaye? Sau nawa aka katse ki kina rabon magani? Katin yana ina? Kwalaben nan biyu masu kama da juna a aljihun keken magani ɗaya suke? Daga amsoshin ne za ta san da wane iri take fuskanta. Idan tuntuɓe ne irin wanda kowa zai iya yi, sai a rarrashe ta a gyara tsarin. Idan yanke hanya ce da ta zama al'adar sashen, kamar sa hannu bayan an gama zagaye duka, sai a gyara al'adar ga kowa, kada a ɗora wa mutum ɗaya. Idan ganganci ne da saninta, kamar rubuta awon da ba ta yi ba, nan horo ya wajaba, kuma sauran ma'aikata ma suna so su ga an yi shi.

Amy Edmondson ta ci karo da wani abu a 1996 da ya kamata hukumomi su sani. Ta tarar sassan da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi yawan kurakuran magani a rubuce. Dalili shi ne a can ake faɗa, a sauran ana ɓoyewa. Saboda haka idan sabuwar shugaba ta zo rahoton kuskure ya haura, kada a yi saurin cewa aiki ya lalace.

Wuri na biyu shi ne ranar da aka ci zarafin nas, ko ɗan'uwan majinyaci ya mare ta, ko likita ya dizga ta a zagayen safe. Abin da shugaba ta yi a sa'ar farko shi sashen ke riƙewa. A ɗauke ta daga gadajen, wata ta riƙe mata, a duba jikinta idan akwai rauni, a cika takardar rahoto tare da ita, a sanar da masu tsaro da hukuma, washegari kuma shugabar ta neme ta da kanta. Idan likita ne, shugaba ce za ta same shi, kada a bar ƙaramar ma'aikaciya ta je neman haƙƙinta wurin wanda ya fi ta matsayi. "Ki yi haƙuri, haka aikin yake" ba laifi ba ne a faɗa, amma idan shi kaɗai aka yi, ta gane matsayinta. Haka idan allurar da aka yi wa majinyaci ta soki nas: a wanke da ruwa da sabulu, kada a matse wurin, a kai rahoto nan take, a fara maganin kariya daga ƙanjamau cikin awanni kaɗan idan ya kama, kada a wuce awa 72, a sha na kwana 28. Shugabar kirki ta riga ta san inda maganin yake ƙarfe uku na dare da wanda ke riƙe da makullin.

Na uku adalci. Ma'aikatan jinya suna iya jure aiki mai nauyi idan nauyin a rabe yake, amma da zarar an sami 'yan mowa da 'yan bora a jadawali, a zuwa karatu, a cika takardar ƙarin girma, to magana ta ƙare. Johannes Siegrist ya nuna a 1996 cewa rashin daidaito tsakanin wahalar da mutum ke sha da sakamakon da yake samu yana cin lafiya, kuma sakamakon da yake nufi ya haɗa da kuɗi, mutuntawa da damar ci gaba. Biyu daga cikin ukun nan shugabar sashe tana da hannu a cikinsu.

Su ma shugabannin a yi musu adalci. Yawanci da daɗewa a aiki ake naɗa su, ranar Juma'a tana nas, Litinin tana shugaba, babu wanda ya koya mata tsara jadawali ko yi wa wadda ta girme ta gyara. Idan kuma aka ba ta mutum sittin ko saba'in, aka ƙirga ta cikin masu riƙe gadaje, ba za ta san kowa ba balle ta ja shi a jiki. Asibitoci 41 da aka bincika a Amurka a 1983, waɗanda ke riƙe nas-nas a lokacin da sauran ke rasa su, cikin abin da suka yi tarayya a kai akwai shugabannin jinya da ake gani a ɗakuna, da kuma bai wa nas murya a yadda ake gudanar da aikinta.

Rakiya A.

Na gode Hajiya, Allah Ya ƙara girma. Malam Sani, lissafin nan na kwafe shi. Tunda jadawali ya fito a bakinku duka biyun, ina son ƙarin bayani a kansa. Dutin awa 12 ya fi, ko na takwas? Nas-nas da yawa su da kansu suke roƙon na 12. Sannan sababbin da suka fito daga makaranta, me ya sa su ne suka fi saurin tafiya?

Sista Ladi

Ƙanwata Rakiya, suna roƙon na 12 ne don kwana uku ko huɗu za su fito a mako maimakon biyar, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi ga mai yara ko mai nisan gida. Amma awa 12 ba ta tsayawa a 12. Ga miƙa aiki, ga rubutun da ya taru, ga wadda za ta karɓe ki ta makara. Ann Rogers da abokan aikinta sun gano a 2004 cewa idan duti ya kai awa goma sha biyu da rabi ko ya wuce, yiwuwar kuskure yana ninkuwa uku. Wani binciken na 2015 a ƙasashe 12 na Turai ya tarar masu dutin awa 12 zuwa sama sun fi sarewa da niyyar barin aiki, duk da son da ake yi masa. Idan dole sai an yi shi, kada ya wuce uku a jere, kada a ɗora ƙarin lokaci a kansa, kuma hutun tsakiya ya zama tilas.

Abin da ya fi tsawon duti cutarwa, kuma ba a lura da shi, shi ne gajeriyar tazara. A tashi dutin yamma ƙarfe tara na dare a dawo na safe ƙarfe bakwai. Awa goma a takarda. A cire miƙa aiki, tafiya da dawowa, cin abinci, hidimar gida, barcin bai fi awa biyar ba. Dokar lokutan aiki ta Tarayyar Turai ta sa awa 11 a jere a matsayin mafi ƙarancin hutu tsakanin duti biyu, kuma ma'auni ne mai kyau ko a inda ba doka ba ne. Shugaba ta ɗauki jadawalin watan jiya da jan biro ta zagaye duk inda tazarar ta gaza 11. Yawanci sunaye biyu ko uku ne za su yi ta fitowa, kuma su ne waɗanda ba sa iya cewa a'a.

A juya duti gaba, safe zuwa yamma zuwa dare, domin jiki ya fi karɓar jinkirta barci a kan gaggauta shi. Dare biyu ko uku a jere, huɗu iyaka, sannan cikakken hutun kwana biyu, kuma ranar da aka sauka daga dare da safe ba ranar hutu ba ce, ranar barci ce. Wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, an auna a 1997 cewa hankalinsa da hannunsa suna raguwa kamar na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin 100 a jininsa. Nas da ta tashi ƙarfe biyu na rana ta yi hidimar gida ta shiga dare, ƙarfe bakwai na safe ta kai wannan matsayi, lokacin da take lissafin allurar insulin ta safe.

Jadawali ya fito aƙalla mako huɗu kafin a fara shi, shida ya fi. A ajiye littafin buƙatu mai ranar rufewa, kowa ya san buƙata nawa ake karɓa masa a wata. Musanya tsakanin mutum biyu a yarda da ita matuƙar matakinsu ɗaya kuma ba ta karya tazarar awa 11 ba. Dare, ƙarshen mako da ranakun bukukuwa a ƙirga wa kowa nasa a manna a bango, wata uku-uku. Wannan takardar guda ɗaya tana kashe rabin gulmar sashe. Hutun tsakiyar duti kuma tun wurin miƙa aiki ake raba shi, a faɗi lokaci da sunan mai riƙe gadajen, in ba haka ba sai a tashi babu wadda ta zauna. Da dare, gyangyaɗin minti 20 bi da bi tsakanin ƙarfe biyu da huɗu ya fi hana barcin da ake yi a hukumance alhali kowa na satar sa a kan kujera.

Batun sababbi kuwa, Marlene Kramer ta bayyana shi tun 1974: a makaranta an koya wa sabuwar nas kula da majinyaci ɗaya ko biyu ciki da bai, ta fito aka miƙa mata goma sha biyu da makullin kabad ɗin magani. Wajen wata na uku zuwa na shida ne abin ke kai mata karo, bayan murnar samun aiki ta wuce. Maganinsa sananne ne. Makonni biyu zuwa huɗu na farko kada a ƙirga ta cikin adadin duti. A haɗa ta da babbar nas guda ɗaya, a sa su duti ɗaya a jadawali, don mai koyarwar da ke dare alhali ɗalibarta na safe suna ne kawai. A zaɓi mai haƙurin tambaya, ba lallai wadda ta fi daɗewa ba, a kuma rage mata gadaje. Shugaba ta zauna da sabuwar a ƙarshen wata na ɗaya, na uku da na shida, ko da minti 20 ne. Kada a bar ta ita kaɗai ce mai riƙe ɗaki da dare a watannin farko. Abin da ke rusa wannan tsari kullum shi ne ƙarancin hannu: mako na biyu wata ta kwanta rashin lafiya, sai a ce sabuwa ta riƙe na yau kawai, daga nan shi ke nan.

Malam Isiyaku

Ina tare da ku, amma kada mu ɗauke laifi daga kan nas mu jibga wa shugabar sashe, hukuma ta koma gefe tana kallo. Albashin da ke makara, alawus ɗin dare da ba a biya, ƙarin girman da ya tsaya shekaru, safar hannu da ta ƙare, tukunyar oksijin babu iska, famfo babu ruwan wanke hannu, babu salon shugabancin da ke maganin waɗannan. Haka nan inda babu masu tura keke da magatakarda, nas ce ke kai jini ɗakin gwaji, ta bi sakamako, ta nemo fayil, gadajenta suna jira. Ɗaukar mataimaka biyu wani lokaci ya fi sauƙi a kan samo nas ɗaya, kuma yana mayar mata da awannin da aka horar da ita dominsu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce duniya na da ma'aikatan jinya miliyan 27.9, da giɓin miliyan 5.9, kashi 89 na giɓin a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma nas ɗaya cikin takwas tana aiki a ƙasar da ba nan aka haife ta ko aka horar da ita ba. Wanda ya ƙware yana da inda za shi.

Sannan a yi hattara da sashen da babu mai tafiya. Wani zaman na rashin mafita ne. Christina Maslach ta kasa sarewa gida uku: ƙarewar ƙarfin zuciya, bushewar ido ga majinyaci har ya koma lambar gado, da jin cewa aikin ba ya haifar da komai. Nas mai na biyun tana zuwa kullum a kan lokaci, ba ta ƙorafi, hukuma na yaba juriyarta, majinyaci kuma yana tsoron kiranta.

Bita ba banza ba ce, Malama Rakiya. Koyon barci bayan dare, sanin alamun damuwa, samun wanda za a yi magana da shi bayan mutuwar yaro a hannu, duk suna da amfani. Amma ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya da ta sa sarewa a kundinta na rabe-raben cututtuka, ICD-11, a 2019, ta kira ta abin da ke tasowa daga matsin wurin aiki mai ɗorewa da ba a shawo kansa ba, ba ta lissafa ta cikin cututtuka ba. Idan aka kira mutane bitar juriya a ranar hutunsu, bayan dare huɗu, saƙon da suke ji shi ne matsalar daga gare su take.

Malam Sani

Game da abin da za a kai gaban hukuma, Malama Rakiya, shafi ɗaya ya isa, kowane wata, kowane sashe da nasa. Waɗanda suka bar sashen cikin wata 12, a raba da matsakaicin adadin ma'aikata a ninka da 100, a ware masu ritaya daga masu murabus da masu neman sauyi, a kuma ware waɗanda ba su cika shekara ba. Kwanakin rashin lafiya, musamman na kwana ɗaya-ɗaya da ke biyo bayan dare. Duti biyu a jere nawa aka yi, hutu nawa aka soke, tazarar ƙasa da awa 11 nawa.

A ƙara da alamun haɗari irin waɗanda hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Ingila, ta jera a 2014: maganin da aka tsallake ba da niyya ba, jinkirin maganin ciwo fiye da minti 30, awon da ba a yi a lokacinsa ba, dutin da cikakkun nas-nas ba su kai biyu ba. Mai riƙe duti ta cika su kafin ta miƙa aiki, minti biyu ne, kuma a faɗa a fili cewa ba a hukunta kowa da wannan takarda, in ba haka ba kullum sifili za a gani.

Kada a jira mutum ya kawo takardar murabus kafin a tambaye shi dalili, lokacin amsar ladabi kawai zai bayar. Sau biyu a shekara shugaba ta tambayi waɗanda ke nan me ke riƙe da su, me zai sa su tafi, wane abu ɗaya za a gyara a wata mai zuwa. Ta zaɓi wanda ke cikin ikonta ta yi shi, wanda ya fi ƙarfinta ta faɗa musu inda ta kai shi da amsar da aka ba ta. A rubuta alƙaluman duti-duti, kada a dunƙule su a matsakaicin wata, domin matsakaici zai nuna nas ɗaya majinyata bakwai alhali daren Asabar biyu ne suka kwana da talatin.